Rabin Awa a Dandamalin Fili: Jagora ga Makaɗan Punk

A ƙuntataccen ɗaki aka haifi kiɗan punk. A tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar Ramones tana kaɗawa a wani ɗan kulob mai suna CBGB a birnin New York, su Sex Pistols da The Clash da The Damned kuma suna cika ƙananan zauruka irin 100 Club a Landan. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita ɗaya ko biyu, jitar bes, ganguna, sai mawaƙi mai buɗe maƙogwaro. Waƙa ba ta cika wuce minti biyu ko uku ba, a guje take, ba kwalliya. Ɗaki ya cika maƙil, bango yana mayar da amo, mai kallo yana iya miƙa hannu ya taɓa mai kiɗa.

Kiɗan bai daɗe a ɗaki ba. A watan Agustan 1976 aka shirya bikin punk a filin wasan bijimai na garin Mont-de-Marsan a Faransa, The Damned na cikin waɗanda suka hau. Ranar 30 ga Afrilun 1978 The Clash suka yi wasa gaban dubun-dubatar mutane a Victoria Park na Landan, a gangamin yaƙi da wariyar launin fata. A 1991 Perry Farrell ya ƙirƙiro Lollapalooza, bikin da ya fito da alternative rock sarari, wato rock ɗin da ya girma a bayan idon manyan kamfanonin faifai. A 1995 kuma Kevin Lyman ya fara Warped Tour, wanda ya riƙa zagaya biranen Amurka kowace bazara har 2018.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A fili babu bango, ga rana, ga iska, dandamalin na aro ne, lokacin ƙidayayye ne, yawancin masu kallo kuma ba dominku suka zo ba. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka punk hargitsi ne kawai, kowa ya hau ya yi abin da ya ga dama. Wanda ya tsaya a bayan dandamali ya san cewa hargitsin nan a kan tsari yake tsaye, kuma ƙungiyar da ta zo a shirye ita ce ke samun sukunin sakin jiki idan an ba ta fage. Wannan jagora ta ƙungiyar da aka gayyata bikin fili karo na farko ce.

Ku san rabonku tun kafin ranar

Sabuwar ƙungiya rabin awa ake ba ta, wani lokaci minti ashirin da biyar, galibi da rana tsaka. A lokacin da Warped Tour ke zagaya birane, kusan kowa rabin awa yake samu, manya da ƙanana, kuma sai da safiyar ranar ake tsara wanda zai hau da ƙarfe nawa, a manna jadawalin a wani ƙaton allo da ake hura wa iska. Ƙungiyar da ta rufe taro jiya da dare tana iya samun kanta a dandamali yau kafin azahar. Wanda ya kwana bai shirya ba, shi ya jiyo. Dama ma takan zo ba sallama: a 1995 ƙungiyar Pulp ta hau babban dandamalin bikin Glastonbury a madadin The Stone Roses, bayan mai jitarsu John Squire ya karya ƙashin kafaɗa a hatsarin keke, kuma wasan daren nan ya ɗaga Pulp zuwa sahun gaba a Ingila.

Da zarar an tabbatar muku da gayyata, ku nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: wane dandamali ne, ƙarfe nawa za ku hau, ƙarfe nawa za ku sauka, minti nawa ke tsakaninku da ƙungiyar da ta gabace ku, waɗanne kaya masu biki za su tanada, ta wace ƙofa motarku za ta shiga, mutum nawa aka ba ku izinin shiga da su, kuma wane ne manajan dandamalin. Ku ware mutum ɗaya a cikinku ya zama bakin ƙungiya. Idan kowa yana aika saƙo, saƙon zai rikice.

Takardu biyu da za su riga ku isa

Ta farko taswirar dandamali ce. Shafi ɗaya ne, an zana inda kowa zai tsaya, inda ganguna za su zauna, inda kowane amfilifaya zai tsaya, da wuraren da kuke bukatar soket na wuta. Ku zana masu kallo a ƙasan shafin, domin hagun mai kiɗa damar mai kallo ce, kuma an sha jera wa ƙungiya kaya a juye saboda wannan. Ku rubuta sunan kowa a gurbinsa, don injiniyan sauti ya kira shi da suna a lokacin gwaji.

Ta biyu jerin layuka ce, wato duk abin da zai shiga miksa, na'urar haɗa sauti, ɗaya bayan ɗaya da lambarsa. Ƙungiya mai mutum huɗu takan ci layi goma sha biyu zuwa sha huɗu: babbar gangar ƙafa, ƙaramar gangar tsakiya, ganguna biyu ko uku na gefe, makirufo biyu a sama don farantan tagulla, bes, jita ta farko, jita ta biyu, sai muryoyi. Ku sa kwanan wata a kan takardun. Idan mai jita ɗaya ya bar ƙungiya, ku aika sabuwar takarda nan take, kada ma'aikata su ja layin mutumin da ba zai zo ba. Ku buga kwafi da yawa ku taho da su a hannu, saboda a fili waya takan mutu, intanet takan ɗauke idan jama'a sun yi yawa. Masu ƙetare teku kuma su tuna cewa wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, kuma amfilifayar da aka jona a wutar da ba tata ba tana iya ƙonewa nan take.

Tsara jerin waƙoƙi

Idan an ba ku minti talatin, ku shirya na ashirin da bakwai. Sauran ukun na tsirkiyar da za ta tsinke ne, da shan ruwa, da gaisuwa. Kada ku raina rabin awa: faifan farko na Ramones, na 1976, waƙoƙi goma sha huɗu ne a cikin kimanin minti ashirin da tara. A wurin gwaji ku aje agogo, ku kaɗa jerin daga farko har ƙarshe tare da duk maganar da mawaƙi zai yi, ku maimaita har tsawonsa ya zauna.

Waƙar farko ita ce gwajin sautinku na gaskiya. Ku zaɓi wadda kayan kiɗa ke shigowa bi da bi, ganguna su fara, bes ya biyo, jita ta shigo, sannan murya, don injiniya ya samu daƙiƙa kaɗan a kan kowanne ya daidaita shi. Waƙa ta biyu ta biyo ba numfashi, kamar yadda Dee Dee Ramone na Ramones ke ƙirga ɗaya zuwa huɗu tun amon waƙar baya bai mutu ba. Filin biki kamar ranar kasuwa yake: jama'a suna wucewa ne, wani da abinci a hannu, wani yana hanyarsa ta zuwa wani dandamali, kuma mai hajar da ya yi shiru sai a wuce shi. Shirun minti ɗaya a tsakanin waƙoƙi ya isa ya kwashe muku rabin waɗanda suka tsaya.

Kada ku ɓoye waƙarku mafi ƙarfi sai ƙarshe. Idan bikin ya makara, daga lokacin ƙananan ƙungiyoyi ake yanka, kuma za a iya ɗaga muku yatsu biyu alhali kuna da sauran waƙoƙi huɗu. Ku sa ta a kashi biyu cikin uku na tafiyar. Ku amince tun a gida kan waƙar da za a jefar idan lokaci ya ƙure, ku yi mata alama. Waƙoƙin da saitin tsirkiyarsu ɗaya ne ku jera su tare. Mawaƙi ya faɗi sunan ƙungiya da garinku bayan waƙa ta biyu, ya sake a tsakiya, ya sake a ƙarshe, domin waɗanda ke tsaye a minti na ashirin ba su ne na minti na biyu ba. Ku rubuta jerin da alƙalamin maka mai kauri, ku manne kusurwoyinsa huɗu da salatif a ƙasa, in ba haka ba iska ta tafi da shi.

Kayan da za ku ɗauka

A ƙananan dandamali, masu biki sukan tanadi gangunan da kowa zai yi amfani da su, da akwatunan sifika na jita da bes. Mai ganguna yakan zo da abin da ke saurin lalacewa kuma ya saba da shi: ƙaramar gangar tsakiya, farantai, fedar ƙafa, da makaɗai masu yawa. Idan bahago ne, a faɗa tun a takarda, saboda juya ganguna yana cin lokaci. Mai jita ya zo da jita ta biyu a saite, a jingine inda hannunsa zai kai, domin ba a sauya tsirkiya a gaban jama'a. Fedojinsa na sauya sauti su zo a haɗe a kan allo ɗaya, waya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. A ƙara wayoyi na ko-ta-kwana, da batura, da salatif baƙi mai ƙarfi, da tawul, da leda babba. Kowane kaya a rubuta masa sunan ƙungiya, saboda a bayan dandamali baƙaƙen akwatuna sun fi ɗari kuma duk kamarsu ɗaya.

Ƙarancin kaya alheri ne. Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, a kiɗan bukukuwan aure na sararin Agadez ya goge, kafin kamfanin Matador na New York, wanda ya yi suna da faifan alternative rock, ya fitar da faifansa Afrique Victime a 2021. Mai bes ɗinsa, Mikey Coltun, daga cikin 'yan punk na Washington ya fito. Su huɗu ne, jita biyu da bes da ganguna, kuma da wannan suka cika filayen bukukuwa a Amurka da Turai. Abin da ke cika fili shi ne haɗin kan masu kiɗa.

Minti goma sha biyar na sauyi

Ku isa da wuri, aƙalla awa biyu kafin lokacinku, ku nemi manajan dandamali ku gaishe shi. Maganarsa ce doka a wurin. Ku gaida injiniyan monita, mai kula da sifikun da ke gaban ƙafafunku, wanda galibi yake zaune a gefen dandamali, sannan wani ya taka har tsakiyar fili ya gaida injiniyan gaba, mai haɗa sautin da jama'a za su ji. Ku faɗa masa a jimla ɗaya irin sautin da kuke so, misali jita a gaba, murya a fili, ba amsa-amo da yawa.

Tun ƙungiyar da ke gabanku tana kan wasa, kayanku su kasance a haɗe a bayan labule: farantai a kan sandunansu, jita a saite, allon fedoji a jone. Da sun buga ta ƙarshe, ku dakata su sauke nasu tukuna. Ana ce muku bismillah, kowa ya nufi gurbinsa. Mai ganguna ya ɗora ƙaramar gangarsa, ya ɗaure feda, ya gyara kujera. Ma'aikaci yana tsugune a gabansa yana cusa makirufo a bakin babbar ganga. Mai jita ya aje allonsa, ya zagaya da wayar ta cikin maɗaurin jita kafin ya soka ta, don kada ya taka ta ta fice a tsakiyar waƙa, ya manne sauran a ƙasa. Sai murya ta fito daga monita tana kiran layuka. An ce gangar ƙafa, mai ganguna ya taka ta a hankali, dum, dum, dum, da irin ƙarfin da zai taka a wasa, har a ce ya isa. Kowa ya yi tsit. Wanda ke son jin gangar a monitarsa ya ɗaga yatsa sama, ya bar shi a sama har ta kai yadda yake so, sannan ya dunƙule hannu. Haka za a bi layi bayan layi har muryoyi. Mawaƙi ya gwada makirufo da ainihin ƙarfin da zai yi waƙa, domin wanda ya yi raɗa a gwaji ya zo ya kurma ihu a wasa ya ɓata wa injiniya lissafi.

Babban laifi a wannan lokaci shi ne kaɗe-kaɗen banza. Mai jitar da ke gwada salonsa alhali ana sauraron layin bes yana cin lokacin ƙungiyarsa ne da hannunsa. Kafin ku fara, ku dubi bakin dandamali ku san inda ya ƙare. A watan Yunin 2015 Dave Grohl na Foo Fighters ya faɗo daga dandamali a Gothenburg ta Suwidin ya karya ƙafa, har ƙungiyar ta janye daga Glastonbury na shekarar.

Yadda sauti yake a sarari

Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne jin kiɗanku ya yi siriri. A ɗaki bango da rufi suna dawo muku da amo, a fili kuwa abin da ya fita ya tafi. Daga sifika guda, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel shida duk lokacin da nisa ya ninka, iska kuma tana kwashe siraran sautuka ta kai su gefe. Zuciya za ta ce ku ƙure amfilifaya. Kada ku bi ta. Ƙarar da ta yi yawa a dandamali tana kutsawa cikin makirufon murya da na ganguna, ta ɗaure wa injiniyan gaba hannu, na sahun farko su sha jita zalla, na baya su ji damalmalallen abu. Ku bar amfilifaya a matsakaici, abin da ba ku ji ku roƙa a monita.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan akwai gini ko katanga a can ƙarshen fili, bugun ganga zai dawo muku a makare, kuma mai gangar da ya saurare shi zai ja waƙar baya ba tare da ya sani ba. Ku bi abin da ke kusa da ku, ku riƙa kallon hannun mai ganguna. Monita ma tana iya mutuwa. Haka ta faru da Radiohead a Glastonbury a 1997: ba sa jin kansu, fitilu suna kashe musu ido, mawaƙinsu Thom Yorke ya kusa sauka sai da abokin kiɗansa Ed O'Brien ya lallashe shi. Suka daure suka kai ƙarshe, kuma har yau ana lissafa wasan cikin mafiya kyau a tarihin bikin. Abin da kuke ji a sama daban yake da abin da jama'a ke ji a ƙasa, don haka kada ɓacin rai ya nuna a fuskarku. Maganin wannan tun a gida ake shan sa: ku riƙa gwada waƙoƙinku wani lokaci ba tare da jin murya ba, har jiki ya haddace su.

Ku tsare kunnuwanku. A ma'aunin masana lafiyar ma'aikata na Amurka, desibel 85 awa takwas ake iya jure shi a yini, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, ta yadda desibel 100 bai wuce na minti goma sha biyar ba. Dandamalin punk yakan kai haka, har ya zarce. Abin toshe kunne na makaɗa yana rage ƙara ba tare da ya dusashe kiɗan ba, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Rana, ruwa da lantarki

Zafin rana yana sauya saitin tsirkiya. Jitar da aka saita a inuwa, minti biyar a rana ya isa ta kauce, don haka ku fito da ita ta saba da yanayin, ku sake saitawa dab da farawa. Hasken rana yana kashe ƙananan fitilun fedoji da na na'urar saiti, sai ku yi musu 'yar rumfa da kwali. Kada a bar jita a rufaffiyar mota. Ku fara shan ruwa tun safe, domin rabin awa na tsalle a kan baƙin dandamali da rana tsaka yana iya kayar da ƙato.

Wutar fili daga janareto take zuwa, kuma dole a haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata, da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare. Idan leɓenku ya taɓa makirufo kuka ji tsir alhali hannunku yana kan tsirkiya, ku tsaya nan take ku kira ma'aikaci. A 1972 Les Harvey, mai jitar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a Swansea saboda makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Kada a cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe gurnanin amfilifaya. Idan yayyafi ya fara, a ɗaga soket daga ƙasa, a lulluɓe fedoji.

Hadari kuwa ba a jayayya da shi. Tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ce, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira minti talatin bayan tsawar ƙarshe kafin a koma. A watan Agustan 2011 guguwa ta afka wa bikin Pukkelpop a Beljiyam, ta rusa rumfuna da turakun ƙarfe, mutum biyar suka mutu. Idan manajan dandamali ya ce ku sauka, ku aje kaya ku sauka, ko da a tsakiyar baiti ne.

Jama'ar da ke gabanku amana ce

Masu son punk suna da rawarsu: a buɗe da'ira a gaban dandamali, a yi ta gudu ana bangazar juna, wani a ɗaga shi a riƙa miƙa shi bisa kawuna har shingen gaba. Rawar tana da ladabinta, kuma babbar dokarta ita ce wanda ya faɗi a ɗaga shi. Mai riƙe da makirufo ya fi kowa ganin filin, ya fi kowa iko a kansa, saboda haka nauyin yana wuyansa. Ian MacKaye na Fugazi ya shahara da tsayar da waƙa idan ya ga wani yana cin zalin mutane, ya yi masa magana cikin ladabi, in ya ƙi a mayar masa da dala biyar ɗinsa ta shiga a nuna masa ƙofa. Wannan bai rage wa Fugazi kwarjini ba ko kaɗan.

Wasa yana iya rikiɗewa cikin ƙiftawar ido. A bikin Woodstock na 1994 jifa da taɓo ya ɓarke tsakanin Green Day da masu kallo, mutane suka hau dandamali, wani mai tsaro ya ɗauka mai bes Mike Dirnt ɗan kallo ne ya kayar da shi har haƙoransa suka karye. Wannan da sauƙi. Ranar 30 ga Yunin 2000, a bikin Roskilde na Denmak, ana ruwa, ƙasa ta yi santsi, jama'a suka matso gaba lokacin da Pearl Jam ke wasa. Wasu suka faɗi, wasu suka faɗo a kansu. Kafin saƙo ya isa ga ƙungiyar ta tsaya, mawaƙinsu Eddie Vedder ya roƙi mutane su ja baya, lokaci ya riga ya ƙure. Mutum tara suka mutu saboda rashin numfashi. Bayan wannan ne manyan bukukuwan Turai suka ƙara ƙaimi wajen raba gaban dandamali gida-gida da shingayen ƙarfe, da fayyace wanda ke da ikon tsayar da wasa.

Ku koyi bambanta rawa da matsi. A rawa akwai sarari, hannaye suna sama, mutum yana iya ficewa. A matsi, idan mutum biyar ko shida suka cushe a murabba'in mita ɗaya, za ku ga taron yana tangaɗi gaba ɗaya ba da son kowa ba, na jikin shinge sun kasa ɗaga hannu, fuskoki sun juya sama suna neman iska, ko kuma wani gurbi ya buɗe a tsakiya inda kawuna suka nutse. Kuka ga haka, ga abin yi. Mawaƙi ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, har mai ganguna. A nemi a haska jama'a in dare ne. Mawaƙi ya yi magana a natse, da gajerun kalmomi, ya nuna wurin da yatsa don masu tsaro su gani, ya ce kowa ya ja baya taku uku, ya fara da na can baya domin daga nan matsin ke tasowa, ya maimaita har a motsa. Kada a koma kiɗa sai shugaban masu tsaro ya ba da alama. Ku tambayi manajan dandamali tun kafin ku hau wace alama ce ta tsayar da wasa, kuma wa zai ba ku ita. Minti biyun da kuka rasa ba a bakin komai suke ba idan aka auna su da ran ɗan wani.

Sauka a kan lokaci

A gefen dandamali akwai agogo, ko mutum mai ɗaga yatsu. Ku sa wani a cikinku, galibi mai bes, ya riƙa dubawa. Minti ukun da kuka ƙara daga rabon ƙungiya ta gaba kuka ɗebe su, kuma bukukuwa suna da lokacin tashi da hukumar gari ta yanka, wanda ake cin su tara idan sun wuce. A bikin Coachella na 2009 The Cure sun zarce lokacin, aka kashe musu sifiku suna tsakiyar kiɗa. Idan an yi wa The Cure haka, ba wanda za a ɗaga wa ƙafa.

Kuna buga ta ƙarshe, ku yi godiya, ku faɗi sunanku da inda teburin rigunanku da faifanku yake, sannan ku kwashe kaya a yadda suke zuwa bayan dandamali. A can ake naɗe waya, a can ake kwance farantai. Ku bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ku ce sannu da aiki, domin sun riga ku zuwa kuma sai kun tafi za su tashi. Cikin minti goma wani ya isa teburin, tun gumi bai bushe ba, saboda wanda kiɗanku ya burge yanzu yake neman ku, an jima yana gaban wata ƙungiya. Ku tsaya ku kalli wasan waɗanda suka biyo bayanku. Yawancin tafiye-tafiyen haɗin gwiwa a duniyar punk daga irin wannan tsayuwa suke farawa, kuma masu shirya biki sukan tambayi manajan dandamali wace ƙungiya ce ta zo da sauƙin aiki kafin su rubuta sunayen baɗi.

Mako biyu kafin bikin, ku yi gwajin ranar gaba ɗayanta. Ku zuba kaya a akwatunansu, ku fitar da su tsakar gida ko wani fili da rana, ku danna agogo. Ku haɗa komai cikin minti goma, ku bi layuka ɗaya bayan ɗaya, ku kaɗa jerin nan na minti ashirin da bakwai ba tsayawa ko da tsirkiya ta tsinke, wani ya ba da alamar tsayar da wasa a inda ba ku zata ba, sannan ku kwashe cikin minti biyar. Duk abin da ya ba ku matsala ku rubuta shi, ku gyara, ku sake gwadawa washegari.